Ina neman sunan kakana a rajistar jirgin ruwa, daga ina zan fara?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum jama'a. Nasara sun ɗauki kakana, mahaifin babana, aikin soja daga nan Maradi a 1939, lokacin da babana yana ciki. Bai dawo ba. Bayan yaƙi wani mutumin Tibiri da suka tafi tare ya dawo, ya shaida wa kakata cewa ya gan shi da ransa a Marsai, birnin tashar jirgin ruwa a Faransa, yana dakon kaya a bakin teku. Daga nan shiru har ta koma ga Allah.

Abin da ya rage mana hoto ɗaya ne cikin akwatin ƙarfe na kakata, yana tsaye da jar dara, kunnen hoton ya cinye. A bayan hoton akwai rubutun da ya dushe. Sauran takardun, in ji ta, ruwan Gulbi ya tafi da su a ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari. Yanzu Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma kullum bayan isha'i sai ya tambaye ni ko an ji wani abu. Na ga mutanen Amurka suna gano kakanninsu ta sunayen fasinjojin jirgin ruwa. Mu ma muna da irin wannan?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka ladan wannan zumunci, ɗana. Abin da ka gani na tsibirin Elis ne a Niyok, inda baƙi fiye da miliyan 12 suka shiga Amurka daga 1892 zuwa 1954, kuma ana duba sunayensu a intanet. Ingila ma ta adana sunayen fasinjojin da suka sauka ƙasarta daga 1878 zuwa 1960, har da na jiragen kamfanin Elder Dempster masu tasowa daga Ikko zuwa Libaful. Faransa ba ta tara nata wuri guda haka ba. Sannan kakanka ba da tikiti ya shiga jirgi ba, runduna ce aka loda.

To amma kar ka karaya. Kowane soja yana da takardar aikinsa, kuma a cikinta ake rubuta ranar da ya hau jirgi, ko a Dakar ko a Kwatano, da ranar da ya sauka Marsai ko Bordo, da ranar sallama. Takardun sojojin ƙasashen da Faransa ta mallaka suna ma'ajiyar soja da ke garin Po (Pau) a Faransa, can za ka rubuta wa. Kafin nan ka duba shafin intanet na Mémoire des hommes, na waɗanda suka mutu a yaƙi ne, kyauta. In ba ya ciki, maganar mutumin Tibiri ta ƙara nauyi.

Hajiya ƴar Limanci:
Malam ya yi gaskiya, sai dai bari in gaya maka inda na sha wuya, ƙanena. Wata huɗu ina neman kawun mahaifiyata da sunan Yusufu, babu ko alama. Ashe Issoufou aka rubuta, aka liƙa masa sunan ƙauyensu a matsayin na uba. Umaru a wajensu Oumarou ne, Mamman kuwa Mamane ko Mahamane. Shekarar haihuwa ma ƙiyasi suka yi, sun dubi mutum sun ce wajen 1918. Akwai kuma wanda aka tura a madadin ɗan wani mai hali, ya tafi da sunan da ba nasa ba. Lambar soja ce kawai ba ta canjawa.

Wannan rubutu na bayan hoton, kar ka taɓa shi da ruwa ko yawu. Ka kashe wuta da dare, ka haska tocila daga gefe, kwance da takardar. Sawun alƙalami yakan fito ko tawada ta gudu.

Na Gobir:
Ka je Tibiri tun da sauran dattawa. Gidan wancan tsohon soja ba zai ɓata ba, kuma mazan jiya ba sa wasa da takardar fansho. In tare aka ɗauke su, lambobinsu na iya zama kusa da juna, rundunarsu ma ɗaya.

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, na yi yadda kika ce jiya da dare. Lambobi huɗu sun fito sarai, na biyar ina shakka tsakanin 1 da 7, sai 39 a gefe. Na karanta wa Baba, ya sa na maimaita sau uku, sannan ya karɓi hoton ya riƙa shafa bayansa da yatsa bai ce komai ba. Ranar Laraba zan shiga Tibiri in Allah ya so. Malam, wasiƙar Po ɗin, takardar haihuwar Baba ta isa shaida cewa jininsa ne mu, ko sai na haɗa da tawa?