Abin da aka tsayar kan tafiya Kenya da jakar goyo a hutun Disamba

Jama'a hirar da muka yi kan shirin wannan tafiya ta yi tsawo, ga abin da na tsinto saboda 'yan uwanmu na unguwannin Nima da Mamobi a Accra masu shirin tashi daga filin jirgin saman Accra.

1. Kowa ya yarda: katin allurar shawara da maganin zazzabin cizon sauro kafin komai.

2. Jaka ɗaya tak, amma a cusa rigar sanyi, don asubar gandun dajin Masai Mara ba irin ta Accra ba ce, hannu har ƙandarewa yake cikin buɗaɗɗiyar mota. Kar a sa leda, Kenya ta hana tun 2017.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce a haƙura sai Yuli zuwa Oktoba lokacin da garkunan dabbobi ke tsallaka kogin Mara, wasu kuma suka ce zaki da giwa suna nan ko yaushe, kuma Disamba ne kaɗai muke da hutu. Ni dai ina bayan na biyun gaskiya.

4. Sallah da abincin halal ba matsala a Nairobi, akwai Masallacin Jamia da unguwar Eastleigh.

5. Dattawanmu sun nace wanda bai taɓa kwana a tanti ba ya fara gwadawa a gandun dajin Mole na arewacin Ghana tukuna.