Neman sunan Hausa ga MiFi: raba-data ko mararrabin aljihu?

Daga Gusau:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina koyar da ilimin kwamfuta a nan Gusau, kuma a 'yan kwanakin nan ina rubuta wata takardar jagora da Hausa domin ɗalibaina manya, waɗanda yawancinsu 'yan kasuwa ne da matan aure masu sana'a a gida. Aikin ya yi nisa har na iso kan wata na'ura da na rasa sunan da zan kira ta da shi, wato 'yar ƙaramar nan da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda ake sa mata layi kamar waya, tana da batirinta, tana jawo intanet daga turken sadarwa, sannan ta watsa shi ga wayoyi da kwamfutocin da ke kusa da ita ba tare da igiya ba. A kasuwa MiFi ake ce mata.

Asalin wannan suna na haja ne. Wani kamfanin Amurka mai suna Novatel Wireless ne ya fito da na'urarsa da shi a shekarar 2009, daga baya sunan ya bi duk wata mai irin aikinta, ko ƙirar Huawei ce ko ta ZTE, kamar dai yadda muke kiran kowane garin sabulun wanki Omo. Don haka ba na ganin laifin mai cewa maifai. Abin da ya dame ni shi ne kalmar ba ta gaya wa wanda bai san na'urar ba komai, kuma na ga illar hakan da idona. A watan Satumba na 2021, lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su katse sabis a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, wani maƙwabcina ya aika aka sayo masa wannan na'ura daga wata jiha, a zatonsa intanet ɗin a cikinta yake zaune. Ya kunna ta, fitilarta ta kama, wayarsa ma ta haɗu da ita, amma ko saƙo ɗaya bai fita ba, domin turakun da za ta jawo daga gare su a kashe suke. Kuɗinsa sun tafi a lokacin da kowa ke cikin matsi, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Wannan ne ya sa na ƙi sunaye biyu da ɗalibai suka kawo mini, akwatin intanet da tulun data. Duka biyun suna nuna kamar akwai abin da aka zuba a ciki, alhali lissafin data yana can wurin kamfani a kan layin, na'urar ba ta ajiye komai. Na kuma ajiye intanet tafi-da-gidanka a gefe, domin wayar da ke aljihun kowa ita ma ta cancanci wannan suna. Abin da nake son gabatarwa shi ne raba-data, a bisa tsarin harɗaɗɗun sunayenmu irin su hana-salla da ci-rani da a-daidaita-sahu, inda aikin abu yake zama sunansa. Ina neman gyara daga wurinku kafin takardar ta tafi maɗaba'a.

Daga Talata Mafara:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri da wannan aiki. Ni sana'ata sayar da data da katin waya, kuma ina da na'urar cire kuɗi a shago, don haka da maifai nake wuni. Ina jin tsoron raba-data zai kawo ruɗani a wurinmu, saboda tuni muna da abin da muke nufi da waɗannan kalmomi. Idan mutum ya zo ya ce a raba masa data, nufinsa a tura wani kaso daga layina zuwa layinsa, ya tafi da ita gidansa ta zama tasa. Ita kuwa maifai ba ta tura wa kowa komai. Da zarar ka yi nisa da ita, ko ka shiga bayan katanga mai kauri, shi ke nan kun rabu. Sannan kalmar raba tana sa mutum tunanin kowa zai sami kasonsa daidai, ita kuwa na'urar ba ta san wannan ba. Idan mutum takwas suka hau kanta, ɗaya yana kallon bidiyo, shi zai cinye rabin abin da aka saya, sauran suna ta jira shafi ya buɗe. Shawarata a bar mana maifai ɗinmu, a rubuta ta da baƙaƙen Hausa kawai.

Daga Kamba:

Ina goyon bayan a nemi sunan Hausa, kuma dalilina daga bakin iyaka yake. Mu nan ƙasar Dandi kullum muna cuɗanya da 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar. Abin da muke kira sabis ko netwok su rezo suke ce masa, abin da muke kira waifai su wifi suke furtawa irin na Faransanci. Idan takardar Malam ta tsallaka iyaka, kuma za ta tsallaka, kalmar aro daga Ingilishi ba lallai ta yi aiki a can ba, amma sunan da aka gina daga tushen Hausa kowa zai gane shi, daga Gaya ta Nijar har Gusau.

Daga Birnin Kebbi:

Malam, sannu da ƙoƙari. Ni malamar Hausa ce a makarantar sakandare, kuma na karanta bayaninka da na ɗan'uwanmu na Talata Mafara a tsanake. Ina ganin ƙorafinsa yana da ƙarfi, amma bai rushe tunaninka ba, hanya kawai ya nuna mana. Gaskiya ne sunan ya kamata ya fito daga aikin rabawa, sai dai akwai wani tsari a harshenmu da ya fi dacewa da kayan aiki fiye da harɗaɗɗen suna.

Bahaushe idan zai sa wa kayan aiki suna, yakan ɗauki aikatau ya sa masa ma a gaba da i a ƙarshe. Daga buɗe muka sami mabuɗi, daga rufe marufi, daga auna ma'auni, daga duba madubi, daga sassabe masassabi. Kowane yaro da ya tashi da Hausa, ko bai taɓa shiga aji ba, da ya ji kalma mai wannan siga ya san abin aiki ake nufi. To aikin wannan na'ura ba raba ba ne sau ɗaya, rarrabawa ce, domin tana karɓa daga hanya guda tana aikawa ta hanyoyi da yawa, kuma tana sanin saƙon da ya dawo na wace waya ne, ba ta kai amsar wani ga wani. Daga rarraba kuwa sunan kayan aikin shi ne mararrabi. Jam'insa ma ba sai an wahala ba, mararrabai, kamar mabuɗi da mabuɗai.

Akwai wani abin da ya ƙara mini sha'awar kalmar. Sunan da Turawa suke kiran irin wannan na'ura gaba ɗaya, wanda masu gyaran waya suke furtawa rauta, daga kalmarsu ta hanya ya samo asali, wato abin da ke nuna wa saƙo hanyar da zai bi. Mu kuwa wurin da hanyoyi suke rabuwa mararraba muke ce masa. Ka ga ke nan mararrabi da mararraba 'yan gida ɗaya ne, kuma ma'anar da Bature ya nufa ta fito ba tare da mun fassara kalmarsa ba.

Idan aka yarda da wannan, to babbar na'urar da ake jonawa da wutar lantarki a gida ko ofis ita ce mararrabin intanet, ko mararrabin gida idan ana son bambantawa, wannan ƙaramar mai batir kuma mararrabin aljihu. Ba na son mu yi amfani da modem a nan, ko da yake na ji wasu suna kiran ta haka. Modem ita ce ɓangaren da ke magana da turken sadarwa, kuma waɗanda suka yi amfani da 'yar sandar nan da ake cusa wa kwamfuta a shekarun baya sun san kwamfuta ɗaya tak take yi wa aiki. Maifai tana ɗauke da modem a cikinta, sannan ta ƙara da rarrabawa, kuma rarrabawar ce ta sa ake sayenta.

Daga Argungu:

Malama, Allah ya ƙara basira. Ni dattijo ne, jikokina ne suka kawo mini wannan abu gida. Da suka yi mini bayaninsa sai na ce musu ai wannan ɗan ga-ruwa ne, ba shi da rijiya, daga ta wani yake ɗebowa ya bi gida-gida, ranar da rijiyar ta ƙafe kuwa shi ma sai ya zauna. Ban kawo wannan a matsayin suna ba, amma ina roƙon Malam ya sa misalin a takardarsa. Tambayata ɗaya ce: mararrabi bai yi wa harshe nauyi ba?

Daga Gusau:

Baba, na gode, misalin ga-ruwa zai shiga takardar insha Allahu, domin ya bayyana abin da ya faru da maƙwabcina fiye da yadda ni na bayyana shi. Game da nauyin kalmar, na gwada ta yau a aji. Na rubuta mararrabin aljihu a allo ban yi bayani ba, na tambayi ɗalibai abin da suke zato. Wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ta WhatsApp ta ce abu ne da ake sawa a aljihu yana rarraba wani abu, sai dai ba ta san me yake rarrabawa ba. A wurina wannan ya isa, domin rabin bayanin ya riga ya shiga tun daga sunan. Ba wanda ya yi tuntuɓe wajen furta ta, kuma ai duk direban da ke kiran fasinja yana faɗin mararraba sau da yawa a wuni.

Malama, na janye raba-data, na karɓi naki da hannu biyu. Ɗan'uwana na Talata Mafara kuma, maganarka ce ta hana ni buga kuskure. Ban ce a daina cewa maifai a shago ba, kuma na san a bakin mutanenmu na nan, da suke cewa hwara da tahi, ba da jimawa ba za ta koma maihwai ta zauna daram. A takardar zan kawo sunayen biyu tare a karon farko, domin mai karatu ya san abin da zai tambaya idan ya je kasuwa, daga nan sai in ci gaba da na Hausa kaɗai.

Ga yadda sakin layin ya kasance yanzu, wanda ya ga abin gyara ya faɗa kafin ranar Alhamis: Mararrabin aljihu, wanda ake kira maifai a kasuwa, ba ya ƙirƙirar intanet, daga turken sadarwa yake jawowa, don haka inda babu sabis ba zai yi aiki ba. Kafin ki saya, ki tambayi maƙwabta kamfanin da ya fi ƙarfi a unguwarku, ki kuma tabbatar ko mararrabin yana karɓar kowane layi ko an ɗaure shi ga kamfani ɗaya. Layin da za a sa masa sai an yi masa rajista da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kamar layin waya. Ki canza kalmar sirrin da ya zo da ita tun ranar farko, ki ajiye shi kusa da taga inda sabis ya fi shigowa, ki kuma kashe shi idan ba a aiki da shi domin cajinsa ya kai ki yamma.