Wa ke ɗauko muku yara in an tashi? Abin da ya same ni farkon karem (azumin Kiristoci)

Uwar yara biyu, Yelwa, Garwa:
Salamu alaikum iyaye. Yarana suna wata makarantar Katolika a nan Garwa, babban CE1 (aji uku na firamare), ƙaramar SIL (aji ɗaya). Ran Laraba 5 ga Maris 2025, ranar da Kiristoci ke shafa toka, an kai su coci da safe, ana fitowa aka sallame su tun sha ɗaya ba ta yi ba. Mai moton (babur) da nake biya duk wata kuwa sai sha biyu da rabi yake zuwa, tunda ita Laraba dama rabin wuni ce. Ashe an rubuta sanarwa a littafin babban, bai nuna min ba. Ina jiƙa tsamiyar kunun buɗa-baki sai ga su sun shigo a ƙafa, ƙura har gira. Wai wani mutum ne ya tsallakar da su titi, ya saya musu ruwan leda. Wane ne? Ba su san shi ba. Allah ya saka masa da alheri, amma da wani ne fa? Ku yaya kuke yi?

Baban yara, Domayo, Marwa:
Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya tsare gaba. Mu tun tashin bama-baman Yulin 2015 makarantarmu ta daina wasa da ƙofa. Kowane yaro yana da kati mai hotonsa, a baya an rubuta mutum biyu da ke da izinin ɗaukarsa. Ni kaina an taɓa hana ni ɗana saboda katin yana jakar uwarsa. Na yi ta faɗa, mai gadi ko kallona bai yi ba. Yau dai ina gode masa.

Malamar CM1, Marwa:
Bari in yi bayani, ni 'yar Katolika ce kuma a irin makarantar nake koyarwa, a CM1, wato aji biyar. Karem yana farawa Larabar Toka, kwana 40 ne in ba a ƙirga Lahadi ba, a 2025 Ista ta faɗo 20 ga Afrilu. Yaran firamare ba a ɗora musu azumi. Barin nama ran Juma'a daga shekara 14 yake hawa kan mutum, azumin kansa kuma daga 18, shi ma kwana biyu ne na dole: Larabar Toka da Juma'ar da ake tuna gicciye Yesu. Abin da ke taɓa ku iyaye shi ne lokaci. Duk Juma'a ana Hanyar Gicciye, tsayawa 14 ce, wani fada (limamin coci) ya gama da wuri, wani ya ja ta. Wata makarantar a farfajiya take yi, wata sai an jera yara zuwa coci, daga can kuma rabinsu ba sa komowa aji. A nan yaro ke sulalewa, don malami ya ɗauka uwa ta karɓa, uwa ta ɗauka yana hannun malami. Laifinmu ne mu ma, takarda a hannun ɗan shekara bakwai ba sanarwa ba ce.

Mai moto, Lopere, Garwa:
Iyayena ku yi haƙuri in faɗi tawa. Yara takwas nake kwasa, sawu uku. Ran Juma'a ni ma masallaci zan je. In makaranta ta canja lokaci ba wanda ke kirana, sai na zo in tarar ƙofa a rufe, sannan uwa ta kira tana zagi. Ga azumi a baki, ga ranar Maris da ke haura digiri 40. Kuma ku daina cewa "in ba ka samu zuwa ba turo wani". Yaro in ya saba hawa bayan duk wanda ya ce ni na aiko shi, shi ke nan.

Kaka, Fulɓere, Garwa:
Ɗana, maganarka ta ƙarshe ita ce magana. Mu ne muka koya wa yaranmu duk namiji babba baba ne ko kawu, duk mace inna ce ko gwaggo, tarbiyya ce mai kyau. To amma mai gadi ya tambayi jikata "kin san shi?" sai ta ce kawu ne, alhali mai shagon kwanar gidanmu ne. Mutumin kirki ne, ya ga rana ta yi mata yawa ya taimaka. Mu kuma muka shiga unguwa da kururuwa, saura kaɗan mu je wurin jandarma, sai ga ta zaune a shagonsa tana shan yawur. Tun ran nan na ce wa uwarta a kai wa direkta, shugabar makarantar, sunaye a rubuce. Kawu a baki ba shaida ba ne.

Wani abin kuma, bara wannan yarinyar ta dawo da baƙin gicciye a goshi. Na kusa suma! Ashe layi ta gani ta shiga, don ƙawarta tana ciki.

Malamar CM1, Marwa:
Inna, toka ce kawai ta ganyen dabinon da aka yi bikin Lahadin Dabino na shekarar da ta gabata da shi, ba baftisma ba ce, ruwa na wanke ta. Duk da haka bai kamata a shafa wa ɗan Musulmi ba iyayensa ba su sani ba. A wurinmu ana barinsu a aji tare da malami ɗaya. Ku tambaya ko taku haka take yi, kuma ku tambayi wane malamin ne, don wani lokaci "suna aji" na nufin suna tsakar fili ba kowa a kansu.

Ɗan kasuwa, Kusiri:
Namu ya ɗan bambanta. Wasu iyayen da safe suna tsallaka gadar Ngeli zuwa kasuwar Injamena, in layi ya yi tsawo sai la'asar ta same ka a can. Mu gida biyar muka haɗu, kowace rana uwa ɗaya ke ɗauko duka yaran layin. Biyu cikin matan Kiristoci ne, su suka riƙe Juma'a tunda dama suna cocin, namu kuma suka riƙe Laraba.

Uwar yara biyu, Yelwa, Garwa:
Na gode ƙwarai. Na je wurin direkta yau da safe. Da farko ta ce ai sun rubuta, na ce ranki ya daɗe, littafin yana ƙarƙashin katifa. Ta yi dariya, ta karɓi lambata da ta mai moto, ta ce duk ranar da za a tashi da wuri za a kira tun daren jiya. Zancen kati ta ce sai taron iyaye, kuma kowa zai biya kuɗin hoto. Malama, makon Ista fa, ranar Alhamis ɗin ma ana sallamarsu da wuri ne, ko sun riga sun shiga hutu?