Jagorar Git da Hausa: da umarni zan fara ko da bayani?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon kwamfuta a wani ƙauye kusa da Babura, ina koya wa matasa bakwai rubuta manhaja da yamma. Na soma rubuta musu jagorar Git da Hausa, wato manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren da aka yi wa fayiloli. A babin farko na jera umarni: git add, git commit, git push. Sun haddace tsaf. Amma shekaranjiya gyaran mutum biyu ya ci karo a fayil ɗaya, sai ɗayansu ya tsorata ya goge komai, ya sake sauko da na GitHub, shafin intanet da ake ajiye ayyukan Git. Aikin kwana huɗu ya salwanta. Abin ya tsaya mini a rai. In rushe tsarin in fara da bayanin yadda abin yake aiki, ko in ci gaba a haka?

Malam Habu daga Ringim: Wa alaikumus salam. Ka rushe, ƙanina. Yaron nan ya iya bugawa, amma bai san inda aikinsa yake zaune ba, shi ya sa ya firgita. Ka fara da wurare uku, kuma da kaka za ka kwatanta musu. Fayilolin da suke gyarawa su ne hatsin da ke shanya. Git add shi ne ɗiban wanda ya bushe a zuba a buhu. Git commit kuwa kai buhun rumbu ne, da suna da kwanan wata. Abin da ya shiga rumbu da wuya ya ɓata, na shanya kuwa akuya ma tana iya gamawa da shi.

Sai babi na biyu, nasaba. Kowane komit, wato buhun da aka kai rumbu, ya san ubansa, wane ɗan wane, har zuwa kakan farko. Reshe ba kwafin aiki ba ne, suna ne kawai da ke nuna komit guda. Idan an haɗe rassa biyu da suka rabu, komit ɗin da aka haifa iyaye biyu gare shi. Wanda ya gane wannan, cin karo ba zai razana shi ba.

Ɗan Kazaure: Ina tare da Malam, amma kada bayanin ya wuce shafi biyu kafin hannu ya taɓa. Yara suna gajiya. Bayani ɗaya, gwaji ɗaya, sannan git status, umarnin da ke nuna halin da fayiloli suke ciki, su gani da idonsu.

Malama Rabi daga Ɗambatta: Ka raba musu Git da GitHub tun a shafin farko, ɗalibaina sun daɗe suna ɗaukarsu abu guda. Linus Torvalds ne ya rubuta Git a 2005 saboda aikin Linux, wani tsarin gudanar da kwamfuta, GitHub kuwa sai 2008 aka buɗe shi. Git ba ya buƙatar intanet wajen yin komit, duk tarihin yana cikin kwamfutarka. A wurinmu da sabis ke zuwa yana tafiya, wannan babban abu ne. Ni git push, wato tura aiki zuwa GitHub, can baya nake kai shi a darasi. Ranar da babu wuta kuma, ka zana da'irori da kibiyoyi a allo, kowa ya tashi ya nuna inda reshensa yake.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Habu, ka ba ni izini in sa misalin rumbun a babin farko? Ranar Asabar zan haɗa musu cin karo da gangan a ƙaramin fayil, mu warware shi tare.