Ruwa ko baƙin mai: yaro zai iya gyara wa ubansa a maƙera?

Ɗan Maƙeri: Salamu alaikum jama'a. Na san maganar nan za ta yi wa wasu zafi. A ganina sana'ar hannu ba ta ci gaba sai an samu yaron da zai iya cewa, "Baba, ba haka ba ne." Shekara 9 ina zuga a maƙerarmu ta nan ƙasar Wudil. In muka ƙera gatari da sifirin mota, da ya yi ja sai Baba ya tsoma shi a ruwa, ka ji cuuu. Sau nawa nake ganin tsaga siririya kamar gashi a bakinsa, manomi ya yi sara biyu ya dawo mana da shi a ɓalgace. Na gwada baƙin mai a ɓoye, bai tsage ba. Da na faɗa wa Baba, kwana uku bai amsa gaisuwata ba.

Kawu: Da ni ne, mako zan yi. Ubanka ya riƙe masaba tun ba a haife ka ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A maƙerarsa, da gawayinsa, ka yi gwaji a bayan idonsa?

Malamin Firamare: Kawu, a yi mini afuwa. Kakanninmu tama suke narkawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa ya wadata, sannu a hankali aka bar tama. Na tabbata wanda ya fara ɗora wannan ƙarfe a kan uwar maƙera ya sha harara. Sifirin mota kuwa halinsa daban: ruwa yana sanyaya shi farat ɗaya sai ya tsage, mai kuma a hankali yake bi da shi. Ƙarfen ya canza, horon da ake masa ne bai canza ba.

Baba Marini: Malam, kada ka zuga yara. Mu a Kura mun gani da idonmu. Da, ganyen baba da toka da katsi ake haɗawa a karofi, a jira kwanaki ruwan ya nuna. Turkuɗinmu har Agadas Abzinawa ke nemansa. Da shunin kanti ya shigo, masu gaggawa suka ce dattawa ɓata lokaci suke yi. Yau ku ƙirga ramukan da suka cike da shara, kuma yaro nawa ne zai leƙa kumfar karofi ya san ya nuna? Wallahi abin yana ci mini rai.

Ɗan Maƙeri: Baba Marini, Allah ya ƙara girma. Su sauƙi suka nema. Ni so nake gatarinmu ya daina dawowa, sunan gidanmu nake karewa.

Mai Walda: Ku tuna rigimar zuga-zugi. Da aka ɗaura fanka a wilin keke, cewa aka yi an watsar da gado. Yanzu su dattawan ne ke cewa wutar ta fi tashi, yaro ma ya huta da ciwon kafaɗa.

Gwaggo: Ɗana, gaskiyarka a kan ƙarfe, amma ka yi wauta a kan uba. A gaban masu saye ka faɗa masa, ina tsakar gida na ji. Da ka bari sai bayan isha'i, ka ajiye gatarin a gabansa ka ce, "Baba, duba mini wannan," da shi da kansa zai tambaye ka abin da ka yi masa.

Ɗan Maƙeri: Wannan kam na karɓa, Gwaggo.

Kawu: To. Ka je ka durƙusa ka ba shi haƙuri tukuna. Ni zan yi wa Yaya magana: a ƙera gatari biyu daga sifirin mota ɗaya, ɗaya ruwa ɗaya mai, a sara a gaban Sarkin Maƙera kafin kasuwar Juma'a. Har yanzu ina bayan ruwa.

Mai Walda: Man yana wurina, galan guda. Wa zai kawo kututturen ƙirya?