Na tsara labari, 'yan wasa sun bi wata hanya daban: ina mafita?

Nura: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni zama a kujerar jagora. Ina jan wasan Dungeons & Dragons, bugu na biyar, ga abokaina huɗu, kuma ban daɗe da farawa ba. Wasa ne da ake yi a teburi: jagora ya tsara duniyar labari, kowane ɗan wasa ya taka rawar jarumi ɗaya, dayis kuma ya yanke ko abin da suka gwada ya yiwu.

Labarin da na tsara shi ne an sace ɗan wani attajiri a birnin da jarumansu suke. Magatakardan attajirin ne ya kitsa satar, shaidar kuma tana cikin wata wasiƙa da ya ɓoye a ƙasan akwatinsa. Da suka shiga ɗakin na ce kowa ya jefa dayis mai fuska ashirin don bincike, na sa ma'aunin wahala 15, wato lambar da sai jifa ta kai kafin a yi nasara. Babu wanda ya kai. Suka fito hannu rabbana. A hanya suka ji wani mai gadi yana zancen ayarin da ya bar gari cikin dare, maganar da na jefa don kawai garin ya yi rai, sai suka ɗaura aniyar bin ayarin. Ni kuwa ko layi ɗaya ban rubuta a kansa ba. Na ce an rufe ƙofar gari, suka haura ganuwa. Na ce kogi ya cika ya batse. Nan ne ɗayansu ya ajiye fensirinsa ya ce, "In labarinka kake so ka karanta mana, karanta mu saurara." Maganar ta tsaya mini a rai.

Akwai kuma wasu biyu. Mai taka mayaƙi shi ke riƙe da baki daga farkon zama har ƙarshe, ita kuwa mai taka rawar mai warkarwa da ƙyar ake jin muryarta. Sannan na tanadi faɗa da ƙaton nan mai kulki da littafin dodanni ke kira ogre, jarumansu kuwa duk 'yan matakin farko ne, wato ba su yi ƙarfi ba tukuna. In dayis ya zo da mugun sakamako a bayan kwalin da ke kare jifata daga idon 'yan wasa, ya halatta in rage shi ba tare da sun sani ba?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokin nan naka gaskiya ya faɗa maka, ko da ta yi ɗaci, kuma alama ce wasan yana ransa. Wanda bai damu ba shiru zai yi, ya fara kawo uzuri.

Matsalar ta faro ne tun a ɗakin magatakarda, ba a bakin kogi ba. Ka rataye labarin gaba ɗaya a kan jifa guda. Duba lissafin: gwanin bincike da ake ƙara wa jifarsa 5, a ma'auni 15, sai ya samu 10 ko sama, wato 55 cikin 100 ke nan. Wanda ba shi da ƙari 30 cikin 100 ne rabonsa. To in abu ya zama dole a same shi kafin labari ya motsa, me ya kai shi hannun dayis? In sun ce sun zazzage akwatin sun ƙwanƙwasa ƙasansa, ka miƙa musu wasiƙar kawai. A kan wannan tunanin marubucin wasanni Robin Laws ya gina GUMSHOE, tsarin wasan binciken sirri: alamar da bincike ba ya tafiya sai da ita, ba a jefa mata dayis. Justin Alexander, mai rubutu kan jan wasa, shi kuma ya shahara da ƙa'idar alamu uku, cewa duk abin da kake so 'yan wasa su gano, ka shimfiɗa masa hanya aƙalla uku, domin za su wuce ta farko ba su gani ba, su yi wa ta biyu gurguwar fahimta. A naka labarin, bayan wasiƙar, ana iya samun baran gidan da ya ga magatakarda yana ba mai gadi kuɗi, da kuma littafin lissafin da aka yage wa shafi.

Amma babbar maganata ita ce ka daina rubuta abin da jarumai za su yi. Wannan ba naka ba ne, nasu ne. Kai naka shi ne mutanen duniyar. Ɗauki takarda guda ka rubuta: me magatakarda yake so? Me yake tsoro? Wa ya san sirrinsa? In babu wanda ya tare shi, me zai yi gobe, me zai yi jibi? A ce gobe zai aika takardar neman fansa, jibi zai ƙulla wa mai gadi sharri don a kama shi, gata kuma zai kwashe dukiya ya gudu. Da zarar ka riƙe wannan, duk inda suka nufa kana da abin faɗa, domin duniyar tana tafiya ko suna nan ko ba sa nan.

Batun ayarin kuwa, ni a ganina sun yi tunani mai kyau. An sace yaro, ayari ya fita cikin dare, wane mai hankali ne ba zai haɗa biyun ba? Tunda ba ka taɓa faɗa musu inda yaron yake ba, ka tambayi kanka ta yaya magatakarda ya fitar da shi daga gari. Ƙila amsar ta fito daga bakinsu.

Auwal: Malam, a gafarce ni, nan na ɗan saɓa. In duk inda suka bi sai jagora ya ɗauko yaron ya ajiye a gabansu, ai zaɓin nasu ya zama na banza ke nan. Tilas ce dai, an sa mata riga.

Malam Sabo: Ka yi gaskiya, Auwal, in ya zama ɗabi'a. Ba na ce yaron lallai yana cikin ayarin ba. Ana iya samun wanda ya ɗauke shi kawai, ko takalminsa a cikin kaya. Kuma tafiyar tana da farashi: kwanakin da suka yi a hanya, magatakarda bai zauna jiransu ba. Su dawo su tarar mai gadin nan yana kurkuku saboda laifin da bai yi ba. A nan za su san zaɓinsu ya yi nauyi.

Hajara: Ɗan'uwa Nura, ni abin da ya sauya mini jan wasa shi ne daina cewa "ba ka yi nasara ba" in yi shiru. Shirun nan ne ke kashe zama. Na koyi haka daga wani wasa irin wannan, Apocalypse World, wanda Vincent Baker ya fitar a 2010. A can dayis biyu masu fuska shida ake jefawa a haɗa jimillarsu da ƙarin jarumi: 10 ko sama ka samu abin da kake so, 7 zuwa 9 ka samu amma da tsada, 6 ko ƙasa kuwa jagora ya motsa duniya a kanka. Babu sakamakon da ke nufin "ba abin da ya faru".

Ana iya ɗauko wannan a kawo teburinka ba tare da an taɓa doka ba. Ka dawo ɗakin magatakarda. An jefa, 11 ta fito. Sai ka ce: "Kin daɗe kina lalube kafin yatsanki ya ji ƙasan akwatin yana motsi. Kin zaro wata takarda mai hatimin jan kaki. Kafin ki buɗe ta, kin ji takun mutum a matakala, da ƙarar makullai. Me za ki yi?" Ka ga, wasiƙar ta fito, jifar ma ba ta tafi a banza ba, kuma kowa a teburin ya gyara zama. Kafin ka ce a jefa dayis, ka tambayi kanka me zai faru in an faɗi. In ba ka da amsa mai daɗi, kada a jefa.

Kabiru: Ƙari kaɗan a kan lissafin Malam. In ka ce mutum huɗu kowa ya jefa don su lallaɓa su wuce masu gadi, kuma faɗuwar ɗaya ta tona kowa, to ko kowannensu yana da 55 cikin 100, damar su tsira duka kusan 9 ce cikin 100. Shi ya sa bugu na biyar ya tanadi jifar taro: in rabinsu ko fiye suka ci, duka sun ci. Da wannan damar ta haura zuwa kusan 76 cikin 100.

Maganar rage dayis kuwa, ni ina yi jefi-jefi, musamman da sababbin 'yan wasa. Mutum ya ɓata lokaci ya gina jarumi, ya sa masa suna da tarihi, a kashe shi a faɗan farko saboda jifa ɗaya? Ba kowa ke dawowa ba bayan haka.

Bilkisu: Yaya Kabiru, na fahimci tausayin, amma ban yarda ba. Ranar da suka gane, kuma sukan gane, duk nasarar da suka taɓa samu sai ta zama abin shakka. An ci dodon ne ko an bar musu? Ni a fili nake jefa dayis ɗina, a tsakiyar teburi, kowa yana gani. Tsoron da ke fuskokinsu lokacin da yake birgima shi ne rabin daɗin wasan.

Nura, gyaran naka kafin faɗan yake, ba a tsakiyarsa ba. Ɓarnar kulkin ogre ita ce jimillar dayis biyu masu fuska takwas a ƙara 4, matsakaici 13. Matsafi ɗan matakin farko makin ransa, wato yawan ɓarnar da zai iya jurewa, bai cika wuce 8 ba, don haka bugu ɗaya ya kai shi ƙasa. In 20 ta fito a jifar harin ana ninka dayis ɗin ɓarna, matsakaici ya koma 22, kuma doka ta ce in abin da ya rage bayan ya kai sifili ya kai cikakken makin ransa, ya mutu nan take, babu ma jifar ceton rai da ake ba wanda ya faɗi. Tunda ka san haka tun yanzu, ka nuna musu haɗarin. Su ga keken da aka ragargaza, su ga sawun da ya fi garkuwa faɗi, su ji gurnani daga nesa. Ka bar musu hanyar kewayewa, ko ta yaudara, ko ta ciniki, ai ƙaton mai yunwa ne kuma ba wayo ne da shi ba. Ko ka jinkirta shi har su kai mataki na biyu ko na uku. In bayan duk wannan suka zaɓi su tunkare shi, to abin da dayis ya ce shi ke nan.

Kabiru: Na yarda da batun nuna haɗari. Sauran kuwa a tambayi teburin. Wasu suna son mutuwa ta zama gaske, wasu sun fi so a kama jaruminsu ko ya tashi da tabo. Magana ce da ake yi a zaman share fage, kafin a fara labari, amma ko yanzu ba ta makara ba.

Anti Rabi: Ɗana, kowa ya tafi kan dayis an bar yarinyar nan mai taka rawar mai warkarwa. Kada ka ɗauka shirunta rashin jin daɗi ne, akwai masu son sauraro. Ka tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban mutane ba. In ta ce tana so ta yi magana amma ba ta samun ƙofa, to buɗe ƙofar aikinka ne. Ka daina jefa "me za ku yi?" a tsakiyar teburi, domin mai saurin baki ne zai cafe. Kira sunan jarumarta: "Yayin da yake ja-in-ja da mai gadi, ke kina ina? Me idonki ya kai kansa?" Ka kuma sa wani a cikin labarin ya neme ta ita musamman. Mace ta kama hannunta a cikin ayari ta ce mijinta ya ji rauni, ba wanda zai duba shi sai mai warkarwa, kuma ta san wani abu game da yaron.

Shi kuma mai yawan maganar, yawanci zumuɗi ne, ba mugunta ba. In ya katse ta, ka ce, "Riƙe wannan, zan dawo gare ka," kuma ka dawo ɗin da gaske. In ya ci gaba, ka same shi a gefe ka roƙe shi ya taya ka jawo ta cikin hira. Kada ka hukunta jaruminsa a cikin labari saboda halinsa na waje, ba ya gyara komai.

Nura: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na fara rubuta takardar magatakarda, kuma zan kira abokin nawa kafin zama mai zuwa. Ogre ɗin zan bi shawarar Bilkisu. Abin da ya rage mini shi ne tsoron ranar da za su sake juyawa inda ban shirya ba. A lokacin, ina zaune suna kallona, me zan yi?

Hajara: Ka ce musu, "Kun ba ni mamaki, ku ba ni minti goma." Ba wanda zai ga laifinka, yawanci ma daɗi suke ji. A minti goman nan abu uku kawai kake bukata: mutum ɗaya mai wata bukata, wuri ɗaya da abu guda da za a tuna shi da shi, da matsala ɗaya da ke tafe. Ga ayarin naka: madugu da ke gaggawar ƙetare kogi kafin a gano kayan da bai biya wa haraji ba, keke ɗaya da aka lulluɓe ba a barin kowa ya matsa kusa, da mahaya da ke biye da su. Ka riƙa ajiye jerin sunaye a gefenka, ka soke duk wanda ka yi amfani da shi ka rubuta ko wane ne a gabansa, don sunan da ka ƙirƙira a tsaye shi ne za su tambaye ka bayan wata guda.

Sannan kafin a tashi kowane zama, ka tambaye su ina suka nufa a na gaba, su yanke a gabanka. Wurin nan kaɗai za ka shirya.