Kai baƙi yawon ɗanɗanon abinci a tsibiran Lagdo: yaya ake tsara yinin?

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san ruwan Lagdo, tafkin da ke kusa da Garwa a arewacin Kamaru, da waɗanda suka san girki. Ina so in fara ɗaukar baƙi kaɗan-kaɗan daga Garwa, mutum shida zuwa takwas, mu shiga kwale-kwale zuwa ɗaya daga cikin tsibiran tafkin, su ɗanɗani abinci da abin sha irin namu, mu dawo kafin magariba. Mafi yawansu ma'aikata ne 'yan kudu da Turawan ƙungiyoyi, sai 'yan'uwa masu zuwa daga Yola. Wane lokaci ne ya fi? Kala nawa za a ba su, kuma me za a ɗauko daga gari, me za a dafa a can? Wani kuma ya ce mini in bar Lagdo in nufi tsibiran Tafkin Chadi don kifi ya fi yawa. Ku taimaka.

Baba Mai Jirgi:

Wa alaikumus salam, ɗana. Zancen Tafkin Chadi ka ajiye shi. Boko Haram ta kai hari Darak ta ɓangaren Kamaru a watan Yuni na 2019, an kai Bohoma ta ɓangaren Chadi a Maris na 2020, kuma har yau yankin na hannun sojoji. Ba a kai baƙo can don cin kifi.

Lagdo ma ba kududdufi ba ne. 'Yan Sin ne suka gina madatsar a kan Binuwai tsakanin 1977 da 1982, kuma ruwan da ya taru a bayanta ya kusa murabba'in kilomita 600. Ruwa mai faɗi haka iska tana samun wurin gudu a kansa. Don haka lokacinka shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu: damina ta wuce, tafki a cike yake, zafi bai sauko ba. Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, baƙo ba zai ji daɗin komai a bakinsa ba sai ruwan sanyi. Da damina kuwa hadari yakan haɗu da yamma cikin ɗan lokaci, iskar gabansa ita ke kifar da jirgi tun kafin ɗigon farko. A hunturun ma, ranar da hazo ya rufe har ba ka hango tsallake, ka ɗage tafiyar.

Ku baro Garwa bayan sallar asuba ta hanyar Ngaundare, ƙarfe 8 ta same ku a kan ruwa. Da safe ruwan kwance yake. Ƙarfe 3 ta same ku a tudu, komai daɗin hira.

Jirgi kuma da idonka za ka duba shi, kada ka tsaya ga abin da aka gaya maka a waya. Wanda ake cewa yana ɗaukar mutum 15 na kasuwa, kai ka sa masa 10 har da matuƙi da yaronsa, don kula biyu da bidon ruwa, wato jarka, da gawayi sun kai nauyin mutum biyu ko uku. Rigar ruwa, wato mai hana nutsewa, ga kowa, a jiki, a ɗaure. Wadda aka zauna a kanta ba ta da amfani. Mai a kasa shi uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. In injin mai haɗa fetur da baƙin mai ne, yawancinsu kashi 50 ne na fetur ga kashi 1 na baƙin mai, amma a bi abin da ke rubuce a jikin injin. Man bakin hanya da ake sayarwa a kwalba yakan zo da ruwa da ƙasa, shi ne babban dalilin da inji ke mutuwa a tsakiyar tafki. A tace shi da kyalle mai tsabta. Matuƙi ya riƙe buji, wato fulogi, na canji, da filafili biyu, da ƙwaryar kwarfe ruwa, da wuƙa don yanke koma in ta naɗe farfela.

Dorina tana nan. Uwa mai ɗa ta fi kowace haɗari, kuma matuƙin wurin ya san lungunan da suke kwana. In baƙo ya ce a matsa ya ɗauki hoto, ka ce a'a kai da kanka, kada ka bar wa matuƙi, don shi yana jin nauyin mai biya.

Sannan ka bambance tsibiran. Wanda ake kira Île aux Damans na duwatsu ne da rema, wurin kallo ne. Girki yana inda masunta suke zaune da iyalinsu. Can za ka je tun kwanaki kafin tafiyar ka gaida mai garin da sarkin ruwa da goronka a hannu, ka gaya musu ranar da adadin mutane. Baƙi kuwa kowa ya riƙe katin shaidarsa ko fasfo saboda jandarma a hanya.

Hajiya Mai Folere:

Baba ya gama da ruwa, bari in shiga tukunya. Ƙanena, kuskuren da aka fi yi a irin wannan aiki shi ne yi wa baƙo karamcin gida: a cika masa kwano tun a kala na farko. Ya ƙoshi, sauran kala biyar sai kallo. Ɗanɗano ne, loma uku zuwa biyar a kowane kala. Kala shida na ci da uku na sha sun isa yini, kuma a bar aƙalla minti 30 tsakanin zama da zama.

Kuskure na biyu shi ne kwaso girkin Garwa a kai tsibiri. Abin da mutum ya hau ruwa dominsa shi ne kifin da aka fitar da safen nan. Daga gari busassun kaya kawai za ka ɗauko da abin sha: kilishi, yaji, garin masakwa (dawar rani), man gyaɗa, albasa, lemun tsami, sukari, ganyen shayi, gawayi.

Ga yadda zan jera. A bakin ruwa kafin a hau jirgi, kunun gyaɗa mai tsamiya rabin kofi da ƙosai biyu ko waina ɗaya. Kada ya wuce haka, cikin da ya cika da mai ba ya son kaɗawar jirgi. Da an sauka, wajen ƙarfe 10, gasasshiyar karfasa. A zaɓi mai giram 300 zuwa 400, ɗaya ga mutum biyu. A tsaga ta sau uku kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙaya, a shafa gishiri da citta da tafarnuwa da lemun tsami, a bar ta minti 15. Garwashi sai ya yi farar toka a kai, babu harshen wuta. Minti 8 zuwa 10 kowane gefe, juyi ɗaya tak. Kifin da ke manne wa waya, ko wayar ba ta yi zafi ba ne, ko ba a shafe ta da mai ba, ko an yi saurin juyawa. Wanda ya ƙone a waje ciki ɗanye, wutar ce ta yi yawa.

Bayanta giwan ruwa, don baƙo ya ji bambancin nama. Kusan rabin nauyinta kai ne da ƙashi da ciki, saboda haka mai kilo ɗaya da rabi za ta ba mutum takwas yanka ɗaya-ɗaya. A soya a mai mai zafi, kada a cika kasko, in ba haka ba man ya huce kifin ya sha shi. Kan da ƙashin kada a zubar, a yi romo da su da barkono kaɗan a zuba a ƙananan kofuna.

Da azahar, bayan salla, sai tuwon masakwa, malmala ƙarama kamar ƙwan kaza, da miya biyu a gefe: ta tafasa da gyaɗa, da ta yakuwa da bandar tarwaɗa. Nan ne zan tsaya in ja kunne. Banda a saye ta a hannun mai bandar, a gaban murhunta. Akwai masu zuba wa busasshen kifi maganin ƙwari don ya daɗe a buhu. In ka shinshina ka ji wani wari bayan na hayaƙi, ka bar shi. A jiƙa bandar a ruwan zafi minti 10, a wanke da gishiri, a cire ƙaya kaf, don baƙon da bai saba ba ba ya iya tsince ƙaya da harshe.

Kilishi sai a ƙarshe, tare da shayi. In ka ba da shi da wuri yajinsa zai kashe harshe, a kasa jin zaƙin karfasa.

Folere kuwa, wato ruwan zoɓo, giram 100 na busasshen zoɓo ga lita 2 na ruwa. A wanke sau biyu saboda yashi, a tafasa minti 10 da citta da kanumfari, a tace. Daɗewa a wuta ke sa shi ɗaci da duhu, tukunyar ƙarfe mai tsatsa ma haka. Sukari a rage shi sosai, a riƙe wani a gefe ga mai so. A zuba a gorar roba, a bar wuyanta babu komai don ƙanƙara tana kumbura, a daskarar tun daren jiya. Gorunan su ne ƙanƙarar kularka, kafin azahar sun narke daidai sha. Ruwan tsamiya ma haka za a yi masa. Fura da kindirmo ni ina sa su, kofi ƙarami, don baƙon da ya zo arewa bai sha fura ba bai zo ba.

Malamin Tsafta:

Hajiya, a gafarce ni, a kan fura da nono ina da ja. Nonon da ba a tafasa madararsa ba kafin a kwantar yana iya ɗaukar cutar bakkale da tarin shanu, kuma tsami ba ya ba da tabbacin ya kashe su. Furar ma da hannu ake cura ta, da ruwa ake dama ta. In za a sa, to a san matar da ta yi, a tabbata tana tafasa madara, a dama da ruwan gora, a ajiye a kula, a sha kafin ƙarfe 11. Akwai kuma baƙi da ba sa haɗa kifi da nono a yini ɗaya bisa al'adarsu, a tambaye su.

Malam Ɗan Garwa, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa mai sauƙi ce: dafaffen abinci ko ya zauna ƙasa da digiri 5, ko sama da 60, kuma kada ya wuce awa 2 a tsakaninsu. A zafinmu ka ɗauka awa ɗaya ce. Kula biyu kake bukata. Ta abin sha ana buɗe ta kowane lokaci, ta kifi da nono ba a buɗe ta sai da dalili. Ƙanƙara dunƙulalliya ta fi fasasshiya jimiri nesa ba kusa ba. Kula ta zauna a inuwa, a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ƙanƙarar kasuwa ta sanyaya kaya ce kawai, kada ta shiga kofin kowa.

Kifi ma "na yau" kala biyu ne. Wanda ya mutu a cikin kalli tun tsakar dare ya riga ya fara lalacewa kafin a ɗaga. Ka duba ido ya zama garau, ƙarƙashin murfin kunnen ja wur, in ka danna naman ya dawo. A fasa ciki nan take, a sa a ƙanƙara in ba yanzu za a gasa ba. Katakon da aka yanka ɗanyen kifi a kai kada a yanka albasar ci a kansa.

Ruwan tafki ba na wanke kwano ba ne, ba na wanke hannu ba, ba na kurkure baki ba. Akwai tsargiya a ruwan Lagdo, tana shiga ta fata, don haka babu wanka, babu tsoma ƙafa, kuma a nemi wurin sauka da ba sai an taka ruwa ba. Ka ƙiyasta lita 3 na sha ga kowane mutum, da bido biyu masu lita 20 na girki da wanke-wanke da alwala, da sabulu. Ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari na gudawa daga kantin magani. In babu, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abin da ya fi damuna shi ne gyaɗa. Tana cikin kunu, tana cikin yaji, tana cikin kilishi, tana cikin miya, da man gyaɗa aka soya kifin. Mu ba ma lura, amma akwai mutanen da ƙwaya ɗaya ke toshe wa numfashi, kuma kana tsibiri, asibiti yana tsallake. Ka yi tambayar a rubuce ranar da mutum ya biya. Mai irin wannan lalura kada ka ɗauke shi.

Hajiya Mai Folere:

Na yarda, Malam, a tafasa. Amma kada a cire furar.

Ƙanena, saura kuɗi. Jirgi da mota da ladan masu girki ba sa raguwa don mutum biyu sun fasa zuwa. Ka haɗa su, ka raba a kan mutum biyar, ka ɗora kuɗin abincin kowane kai da ribarka. In an samu takwas, alhamdu lillahi. Ka karɓi rabi kafin alƙalami kwana uku kafin tafiya. Matan tsibiri da za su dafa, a yi ciniki da su a fili, a ba su kuɗin cefane tun kafin ranar, ladansu kuma a hannunsu, ba ta hannun wani namiji mai shiga tsakani ba. Ko tafiya ta fasa saboda hazo, a biya su abin da suka riga suka kashe. Su ne za su yi bayanin miyarsu da bakinsu, kai ka fassara, don haka ka tafi da mai jin Fillanci in naka bai nuna ba. Hoto sai da izininsu. Ka gaya wa baƙi tun a Garwa cewa babu giya a tafiyar, kada wani ya ɓoyo kwalba a jaka. Ka kauce wa Juma'a, masunta da matuƙa suna da masallaci. Leda da goruna duk a dawo da su gari a buhu.

Ɗan Garwa:

Allah ya saka da alheri, Baba, Hajiya, Malam. Zan fara da mutum shida a Disamba in Allah ya yarda. Baba, tambaya ɗaya ta rage: rigunan ruwan, na matuƙi zan dogara da su ko in sayi nawa?

Baba Mai Jirgi:

Sayi naka, guda goma, biyu a ciki na yara. Ka gwada kowace: ka ja igiyoyin da ƙarfi, ka matsa soson ka ji bai ruɓe ba. Bayan kowace tafiya a shanya su a inuwa, rana tana cinye yadin. Kada ka bar su a jirgi su kwana, gobe za ka tarar an yi matashi da su.